Kwamfutar da Ba Ta da Nauyi

Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Kafanchan ba da ido suke sayen kaya ba, da hannu suke saye. Doya ce, tukunyar ƙarfe ce, garma ce, sai mutum ya ɗaga ya jijjiga, ya ji ta ja masa kafaɗa, sannan ya buɗe baki ya tambayi kuɗi. Ogechukwu ta san haka sarai, don a garin aka haife ta, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, tun mahaifinta yana duba ƙafafun tarago. Abin da bai taɓa faɗo mata a rai ba shi ne har kwamfuta ma haka za a yi mata.

Shagonta yana bakin hanyar tashar mota. Ta yi shekaru tana sayar da tokumbo, wato tsofaffin laftof da Turawa suka gaji da su suka watso mana, kamar yadda kowa ke yi a layin. Yawan dawowa ne ya ishe ta. Yau batir ya mutu, gobe allo ya yi zane, jibi uwar wani ɗalibi tana tsaye a ƙofa tana tafa hannu tana kiran sunan Yesu. Da ta je Onitsha hutun Kirsimeti wajen yayanta Chukwunonso, wanda shi ke turo mata kaya, sai ta ga wasu sababbi dal a kwali, sirara, ba nauyi, batirinsu na kai yini cur bai nemi wuta ba. Nan take ta ce ai domin garinsu aka ƙera waɗannan, garin da in an kawo wuta da rana har yara ke ihu.

"Oge, mutanenki araha suke so," in ji yayan. "Kuɗin guda ɗaya a nan zai sayi tokumbo biyu."

"Broda, araha ba ta ado. In sun gani za su gane."

Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da babban wa ke yi wa ƙanwar da ya riga ya yanke mata hukunci. "Na ji, ki ɗiba. Amma ki saurara da kyau. In Ista ta zo kayan nan suna kwance, zan turo mota ta kwashe su, ke ma ki biyo motar. Me kike yi a Arewa har yanzu? Papa ya rasu, mijinki ya rasu, Mama tana nan wurina. Ga ɗaki can bayan gida babu kowa a ciki."

Ta ga ɗakin kafin ta taho. Tagarsa katangar maƙwabta take kallo. Kuma a gidan nan ko gaisuwa ta yi da Ibo sai yaran yayanta sun toshe baki suna dariya, suna kiranta Anti Hausa. A Kafanchan kuwa daga mai nama har mai gyaran taya babu wanda bai san 'yar Baba Relwe ba, kuma ita ke ɗaga waƙa a Zumuntar Mata ta cocinsu. Tsoron ɗakin nan ya shiga mota tare da ita, tare suka sauka.

Ta kwashe tokumbon da ya rage ta karyar da shi, ta goge kantar shagon, ta jera sababbin. Masu leƙe suka yi ta leƙe. Wanda ya fara shigowa da niyyar saye na gaske wani dattijo ne daga Kagoma, Baba Silvanus, manomin citta, dogo, mai faɗin tafin hannu. Ya cire hula ya gaishe ta har da tambayar gajiya.

"Yarinya na, Miriyam, ya samu jami'a a Jos," ya ce, bakinsa ya ƙi rufuwa. "Sun ce sai da kwamfuta. Ni ban san shi ba. Amma ina son mai kyau, wanda zai kai shi har ya gama."

Ogechukwu ta ji kamar ta yi rawa. Ta ɗauko guda, ta buɗe, ta shiga bayani: batir yini guda, ba ya zafi, ba ya ƙara, kafin ka ƙifta ido ya kunnu. Dattijon yana gyaɗa kai cikin ladabi, amma ba ya jin ko ɗaya, jira yake ta miƙo. Da ta miƙo ya tara hannu biyu ya ɗaure jijiya kamar mai karɓar buhu, sai hannuwan suka yi sama da kansu. Ya jijjiga. Ya kai kunne ya sake jijjigawa. Fara'ar fuskarsa ta ɗauke.

"Madam, babu komai a cikin shi."

"Baba, da komai. Sabuwar fasaha ce, haka ake yin su yanzu."

"Uhm." Ya ajiye a hankali, don kada iska ta ɗauke, ya mayar da hularsa. "Abin da ba shi da nauyi a hannu, yaya zai yi nauyi a aiki? Bari in duba gaba."

Gaba kuwa shagon Kenny ne, tsallaken titi, daidai saitin ƙofarta. Kenny ɗan unguwarsu ne a da, tare suka sha ruwan famfon relwe, amma kasuwa ba ta san wannan ba. Tokumbonsa a tule suke har ƙasa, baƙaƙe, masu kauri kamar bulo. Tana kallo ya ɗora wa dattijon ɗaya a hannu, dattijon ya ɗan rusuna, ya yi murmushi. Bai saya ba a ranar, ya ce sai ya fitar da citta, amma ta ga inda zuciyarsa ta kwanta.

Haka aka yi ta yi. Malamin makaranta ya ɗaga ya ajiye. Wata nas ta ɗaga ta ce abin wasan yara ne. Matasan gari da suka san darajar abin su kuma aljihunsu bai kai ba, sai su shafa, su ɗauki hoto, su tsallaka wurin Kenny. Zafin bazara ya sauko, aka shiga azumin Ista, kanta tana nan cike yadda aka jera ta. Abinci ya daina yi mata daɗi. In wayarta ta yi ƙara ta ga sunan Broda ne a kai, ta kan bar ta ta gaji ta yi shiru. Ko babbar mota ce ta rage gudu a ƙofar shagon sai ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

Wata rana da hantsi Kenny ya tsallako yana sakace, ya jingina da ƙofarta.

"Anti Oge, how market? Har yanzu biskit ɗin nan bai ƙare ba?" Ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu yana dariya. "Abeg, ki ɗaura mashi dutse a gindi, ko Allah zai sa a saya."

Ta kore shi da tsintsiya. Amma maganar ba ta koru ba, ta zauna mata a kai har yamma. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Kafin a tashi kasuwa ta saka laftof guda a jaka ta zagaya bayan layi wurin Zubair mai walda.

Ta gaya masa abin da take so: fallen ƙarfe daidai faɗin gindin kwamfutar, a goge bakinsa ya yi sumul, a huda shi inda kusoshi suke, a huda inda iska ke fita, a fesa masa baƙin fenti. Zubair ya ɗage baƙin tabarau ɗinsa ya dube ta.

"Madam, ni dai aikina walda. Amma wannan na mene ne?"

"Ƙafa ce. Don kada ta zame a tebur."

"Ƙafa." Ya juya kwamfutar a hannu, ya ga ƙafafunta na roba guda huɗu lafiya lau. Ya mayar da tabarau. "To, Allah ya sa mu ji alheri."

Hannun Zubair kuwa akwai kyau, a nan ba a ƙwace masa ba. Da ta ɗaura ƙarfen da dogayen kusoshi, sai ka rantse daga kamfani aka yo shi haka. Ta ɗaga, ta ji ya ja mata wuyan hannu. Kunya ta kama ta ita kaɗai a cikin shago, sai ta shiga lallashin kanta. Wa ta cuta? Injin ciki shi ne dai, batir shi ne dai, ba ta ƙara ko sisi a kan farashi ba. Abu mai kyau take so su saya, su kuma sun ce sai ya yi nauyi. In kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza. Kafin mako ya zagayo duk na kan kanta sun sami ƙafa.

Baba Silvanus ya dawo bayan ya fitar da cittarsa. Wurin Kenny ya nufa, amma 'yarsa ta ja masa kunne a kan batir, Kenny kuwa da aka zare waya daga bango tokumbonsa ya mutu a gaban dattijon tun ba a gama gaisawa ba. Shi ya sa ya tsallako, ba da son ransa ba.

"Baba, an kawo wani zubi," Ogechukwu ta ce. "Gwada wannan."

Ya tara hannu. Ya jijjiga. Fuskar nan ta buɗe kamar an yi ruwan fari.

"Yauwa! Wannan shi ne kwamfuta. Me ya sa kin ɓoye shi wancan rana?"

Bai ko yi dogon ciniki ba. Ya ce a nannaɗe masa da kyau, zai kulle a akwati har ranar tafiya, kada yaran gida su lalata da taɓe-taɓe. Ya sa mata albarka, ya ɗaure kwalin a bayan babur da roba.

Ashe dattijon ikilisiya ne a garinsu, mutumin da in ya ce ruwa zai sauko mata ke kwashe shanya. Ran Lahadi bayan sujada ya miƙe ya ba da shaida cewa akwai wata 'yar Ibo a hanyar tasha mai tsoron Allah, kayanta akwai tsada amma akwai ƙarfe a ciki. Daga nan hanya ta buɗe. Hedimasta Justin ya zo ya ɗaga ya saya. Sista Hellen ta ƙaramin asibitinsu, nas ɗin nan da ta ce abin wasan yara ne, ta dawo ta ɗaga ta saya. Sakataren ƙungiyar manoman citta ya saya, har daga Fadan Kaje aka zo. Kowa da kalma ɗaya a baki: Baba Silvanus ne ya turo ni. Kenny ya daina tsallakowa, sai dai ya tsaya a ƙofarsa ya riƙe ƙugu yana kallo. Broda ma da ta ɗaga wayarsa sai ga dariya a muryarsa, har da cewa ashe ƙanwarsa ta gaji ƙwaƙwalwar Papa.

Sai dai fa tsoron bai tafi ba, kaya kawai ya canza. Da babbar mota take tsoro, yanzu babur. Duk wanda ya tsaya a ƙofa da kwali a baya sai ta ce shi ke nan, wani ya kai wa mai gyara an kwance. Ran wata Lahadi Fasto ya hau kan masu zuba yashi a buhun citta don ya yi nauyi a sikeli, ya yi ta dukan bagade yana zufa. Ogechukwu tana layin gaba cikin anko na Zumuntar Mata, ta sunkuyar da kai tana ta gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Da aka zo waƙa ba ta ɗaga ba, sai wata ce ta ɗaga. A hanyar gida ta sake maimaita wa kanta karatun nan nata: yashi cuta ne, don ana biyan kuɗinsa, nata ƙarfen kyauta ne, kuma bai taɓa lafiyar kowa ba.

Saura kaɗan Ista, na kan kanta sun kusa ƙarewa, sai ga babura biyu da safe. Baba Silvanus ya sauko daga na farko da kwalinsa da akwati. Na biyun ya daɗe bai sauke fasinjarsa ba. Ɗan acaɓan ne ya fara kwanto sanduna biyu na ƙarfe da aka ɗaure a gefe, ya miƙa mata, ta zura hannuwa, ta zamo a hankali. Budurwa ce kyakkyawa mai kitso sabo, ƙafarta ta hagu siririya, a shanye, tana lilo ba ta taɓa ƙasa.

"Ga Miriyam," dattijon ya ce da alfahari. "Yau zai tafi. Na ce sai ya gaishe ki, kuma ki ba mu jaka na goyo, don hannun shi biyu yana aiki."

"Ina kwana, Anti," in ji Miriyam. "Baba ya cika mu da labarinki."

Ogechukwu ta amsa, amma ba ta san me ta ce ba. Ta ɗauko jakar goyo, ta zura kwamfutar da caja. Uban ya rataya wa 'yar a baya ya ja igiyoyin. Nan da nan kafaɗun yarinyar suka yi baya. Ta dafe sandunan, ta turo ƙirji gaba don ta daidaita, ta yi taku ɗaya. Tsakanin shagon da titi akwai kwata, an ɗora mata katako. Da ta ɗaga sanda za ta hau katakon, jakar ta ja ta, ƙafar mai lafiya ta goce, ta tafi da baya gaba ɗaya. Ɗan acaɓan ne ya tare ta da ƙirji, ba don haka ba da ƙeyarta ta sha siminti.

"Yesu!" Ogechukwu ta yi ƙara.

"Ba komai, ba komai," Miriyam ta ce tana haki tana dariyar kunya. Ta dubi jakar ta kan kafaɗa. "Anti, ni na ga irin wannan model ɗin a waya, sun ce very light ne. Ko ba shi ba ne?"

"Wancan na banza ne," uban ya tare. "Na gan shi da ido na. Wannan shi ne mai ƙarfe."

"Hostel ɗinmu sun ce hawa na uku ne, Baba, kuma faculty da nisa." Sai ta ga fuskar uban ta canza, ta yi maza ta gyara. "Amma zan saba. Ai na saba da abin da ya fi wannan."

Wannan kalma ita ta karya Ogechukwu. Ta hango yarinyar a kan matakalar bene, safe da yamma, shekara da shekaru, da fallen ƙarfen Zubair a gadon baya yana jan ta ƙasa. Duk da haka ta nemi ƙofar baya, don mai tsoro ba ya rasa dabara.

"Baba, bari in shiga ciki in canza mata da marar nauyin. Aikinsu ɗaya ne, wallahi ɗaya ne."

Dattijon ya miƙe sosai, tsawonsa ya ƙaru. "Wanda na ƙi tun farko? Madam, don kin ga ƙafan shi haka, shi ya sa za ki ba shi na banza?" Muryarsa ta yi ƙasa, ta fi ihu zafi. "Tun yana ƙarami mutane suna ba shi ragowa. Ragowan kujera, ragowan littafi. Na sayar da citta na duka don wannan karo ya riƙe abin da ya fi na kowa. Zai ɗauka. Miriyam, mu je, mota zai cika."

Yarinyar ta gyara sandunanta ta sake fuskantar katakon.

Ogechukwu ta dubi tsallaken titi. Kenny yana ƙofarsa. Mai lemo tana nan, 'yan acaɓa suna nan a inuwar mangwaro, layin gaba ɗaya ido ne. Da ta yi shiru na minti biyu, da sun tsallaka, da Ista ta zo ta wuce ta bar ta a garinsu. Ta san wannan sarai, kuma tana so, har cikin ƙashinta tana so.

"Miriyam, tsaya. Kawo jakar."

Ba ta shiga ciki ba, don in ta shiga dattijon zai ce an musanya. A kan bencin ƙofar shago ta kifa kwamfutar, ta ɗauko sukudireba. Kusar farko ta ƙi fita, sai da ta riƙe da hannu biyu. Mutane suka fara matsowa, Kenny ya tsallako bai ko duba mota ba. Da kusa ta ƙarshe ta fita, ta ɗaga fallen ta ajiye a siminti, ya yi ƙara irin ta murfin tukunya. A bayansa, inda fenti bai kai ba, ga tsatsa, ga alamar allin Zubair.

Ta ɗauki kwamfutar ta ɗora wa dattijon a hannu.

"Ita ce wadda ka ƙi, Baba. Babu wani sabon zubi. Ni na sa aka yanka ƙarfen nan a bayan layi na ɗaura, don ku ji nauyi ku saya. Ba ya aikin komai."

"Chineke!" in ji Kenny. Ya buɗe baki zai yi dariya, ya tuna daga bakin wa shawarar ta fito, ya rufe. Amma wasu sun yi masa dariyar. Wani ɗan acaɓa har ya zaro waya yana ɗauka, wani ya tayar da babur ya yi cikin tasha, kuma kowa ya san labari ya kai.

Baba Silvanus ya zuba wa abin da ke hannunsa ido. Ya jijjiga kwamfutar sau ɗaya, a hankali, ya dubi ƙarfen a ƙasa, ya dubi 'yarsa. Sannan ya buɗe jakar da kansa ya zura, ya ja zif, ya rataya mata a baya. Miriyam ta juya kafaɗa, ta ɗaga sanda, ta haye katakon ta sauka a titi ba wanda ya taɓa ta. Ta juyo, idonta ya cika da ruwa, ta rasa wanda za ta kalla tsakanin su biyun.

"Kunna shi yana yi?" uban ya tambaye ta. "Batir ɗin gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba. Shi ne mai kyau ɗin. Tun farko shi ne."

Ya gyaɗa kai. Ya sa ɗan acaɓa ya kai ta tasha da akwatin, ya ce yana tafe. Sai da babur ɗin ya sha kwana sannan ya juyo wurin Ogechukwu, wadda ke tsaye da sukudireba a hannu kamar an dasa ta.

"Na yarinya na, na gode," ya ce. "Da kin yi shiru, da ban sani ba har in mutu." Ya numfasa. "Amma Hedimasta fa? Hellen fa? Na Fadan Kaje fa?"

"Duka, Baba."

"Duka." Ya cire hula ya share goshi. "Ni na tsaya a gaban ikilisiya. Na ce akwai ƙarfe a ciki. Da baki na. Shekara na nawa a garin nan, ban taɓa tura mutum ya sayi ƙarya ba."

"Ka yi haƙuri, Baba. Kwamfutocin lafiyarsu ƙalau, ba abin da..."

"Ban tambaye ki lafiyan su ba." Bai ɗaga murya ba. "Gobe da safe za ki zo Kagoma da wannan abin na hannun ki. Zan jira ki a bakin coci. Za mu bi su gida gida, ki cire, ki faɗa masu da bakin ki yadda kin faɗa mani. Wanda ya ce zai riƙe, ya riƙe. Wanda ya ce a mayar mashi da kuɗin shi, ki mayar."

Ta san mutanen nan. Ko da Miriyam ta rantse musu da Littafi Mai Tsarki, abin da hannunsu ya ƙi sun ƙi shi, balle an haɗa musu da ƙarya. Mafi yawa za su mayar. Waɗanda ba su mayar ba ma ba za su sake turo kowa ba, kuma kafin Lahadi babu cocin da labarin 'yar Baba Relwe mai ɗaura wa kwamfuta ƙarfe bai shiga ba.

"Zan zo, Baba," ta ce.

Ya mayar da hularsa ya bi hanyar tasha, bai waiwayo ba. Taron ya watse a hankali, kowa da abin da zai kai gida. Kenny ne ya rage, yana sosa ƙeya.

"Anti, ni fa wasa na yi ranan nan."

"Na sani. Je ka, ga kwastoma can a ƙofarka."

Ta shiga ciki ta sauko da 'yan waɗanda suka rage a kanta, ta kifa su a tebur, ta shiga kwance musu ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙofa tana jin hayaniyar layin kamar kullum, mai nama yana wasa wuƙa, yaran tasha suna kiran Jos, Jos, saura mutum ɗaya. Duk muryar da ta ji ta san mai ita, ta san uwarsa. Hawaye ya zubo mata ta bar shi ya zuba.

Wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Broda ne. Wannan karon ba ta bari ta gaji ba.

"Oge! Madam kwamfuta!" Muryarsa cike da fara'a. "Ina wurin masu kaya yanzu haka. An sauke sababbi, sun ma fi naki sirantaka. Kwali nawa zan sa miki kafin Ista?"

Ta goge fuska da bakin zane.

"Kada ka sa ko ɗaya, Broda," ta ce. "Motar dai ka turo. Ka ce wa Mama a share ɗakin."